Kundin aikin koya wa yarana riƙon kuɗi

6 ga Janairu, 2024

Yau na buɗe wannan kundi, kuma abin da ya tunzura ni wata magana ce da ƙaramin ɗana ya yi makon jiya a cikin kanti. Ya ga wani abin wasa ya nace sai an saya masa, na ce masa babu kuɗi a jikina, sai ya dube ni kamar mai tausaya wa wanda ya manta hanya, ya ce: "Baba, ai sai ka je wajen na'urar nan ta bango ta ba ka." A iya fahimtarsa kuɗi suna nan a cikin bango jibge, kowa ya sa kati sai su fito, don haka duk uban da ya ce babu, rowa ce kawai ta hana shi. Ban ga laifinsa ba, domin tun da aka haife shi bai taɓa ganin inda kuɗi suke ƙarewa ba.

Shekarunsa biyar, yayarsa kuma takwas. Na taɓa karanta rahoton da David Whitebread da Sue Bingham na Jami'ar Kambirij suka fitar a 2013, wanda ake yawan jawowa a ce ɗabi'un kuɗi suna kafuwa kafin yaro ya wuce shekara bakwai. Abin da rahoton ya fi ƙarfafawa shi ne, a daidai wannan shekaru yaro ya riga ya fara iya ƙirga kuɗi, da gane darajarsu, da tsara abin da zai yi nan gaba, da jinkirta abin da yake so, kuma yana koyon waɗannan ne ta hanyar yi da hannunsa da kallon manya, fiye da ta hanyar wa'azi. Ke nan ɗayansu yana bakin ƙofa, ɗayar kuma ta ɗan gota.

Tsarin da muka amince a kansa ni da mahaifiyarsu shi ne kowace Asabar da safe babbar za ta karɓi tsabar kuɗi goma, ƙaramin ya karɓi biyar, dukansu iri ɗaya don lissafi ya zo da sauƙi. A nan kundin da yawan tsaba zan riƙa lissafi. Kowane yaro yana da kwalabe uku masu haske, ta kashewa da ta ajiya da ta bayarwa, kuma da gangan na guji asusu rufaffe, saboda ina so idonsu ya riƙa ganin kuɗin suna hawa suna sauka. Rabon babbar biyar, huɗu, ɗaya. Na ƙaramin biyu, biyu, ɗaya.

13 ga Janairu

Tsabata ba ta cika ba yau, sai na miƙa wa ƙaramin takardar kuɗi guda wadda darajarta daidai take da tsabarsa biyar. Ya juya ta gaba da baya, ya dubi hannun yayarsa da yake cike da ƙarafa masu ƙara, sai kawai ya fashe da kuka yana cewa an cuce shi, ita an ba ta da yawa, shi kuwa ɗaya tal. Na yi bayani har sau uku, bayanin bai shiga ba. Sai da mahaifiyarsu ta karɓi takardar ta zazzage jakarta ta ƙirga masa tsaba biyar a tafin hannu sannan ya share hawaye, har da yi mini kallon wanda ya ƙwato haƙƙinsa.

Bayan sun huce na yi wani ɗan gwaji da masanin nan Jean Piaget ya shahara da shi. Na jera tsaba biyar a layi, na jera wasu biyar a ƙarƙashinsu daidai wa daida, na tambaye shi wane layi ya fi yawa, ya ce duk ɗaya ne. A gaban idonsa na ware layin ƙasa na tsawaita shi ba tare da na ƙara ko na rage ba, na sake tambaya, nan take ya nuna mai tsawon. Yayarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, alhali ita ma shekaru uku da suka wuce haka za ta amsa. Yaron da bai riga ya tabbatar cewa biyar biyar ce ko an matse ta ko an baza ta ba, ɗora masa cewa takarda ɗaya tana daidai da ƙarfe biyar ɗora kaya ne a kan wuyan da bai yi ƙwari ba. Na yanke cewa ba zan sake ba shi takarda ba sai nan gaba, kuma dole in riƙa tanadin tsaba tun tsakiyar mako.

27 ga Janairu

Mun ɗan sami saɓani da mahaifiyarsu. Ita tana ganin kuɗin ya kamata ya zama ladan aiki: wanda ya gyara shimfiɗarsa ya kwashe kayan wasansa ya samu, wanda ya ƙi a hana shi, don su san cewa gumi ke kawo kuɗi. Ni kuwa tsorona shi ne ranar da yaro ya ga kwalbarsa ta cika, zai iya cewa yau ba ya bukatar kuɗi saboda haka ba zai yi shara ba, kuma bisa ƙa'idar da muka kafa da bakinmu yana da gaskiya. Mun tsaya a kan cewa aikin gida na kullum wajibi ne a kan kowa, ba a biya, kuɗin Asabar kuma kayan karatu ne kamar littafi da alƙalami, ba a yanke shi don horo. Idan akwai wani aiki na musamman da ya wuce na kullum, kamar wanke mota, ana iya yin ciniki a kansa. Ba ta gamsu ɗari bisa ɗari ba, amma ta ce a gwada.

17 ga Fabrairu

Makonni uku ban rubuta komai ba, kuma dalilin shi ne abin da zan rubuta yau. Asabar biyu a jere, 3 da 10 ga wata, ban biya su ba. Ta farko na fita da sassafe na ce sai na dawo, na dawo a gajiye na manta. Ta biyu babu tsaba a hannuna, na ce su yi haƙuri zan haɗa musu. Babbar ta tuna mini sau biyu cikin ladabi, daga nan ta yi shiru. Yau na biya bashin duka, ita talatin, shi goma sha biyar, ina jin kaina kamar wanda ya yi abin kirki.

Da aka zo rabawa cikin kwalabe sai ƙaramin ya rungume tsabarsa gaba ɗaya ya ƙi saka ko ɗaya a ta ajiya. Na tuna masa ƙwallon da ya ce yana so ya tara ya saya, ya girgiza kai. Na ce ai idan ya ci gaba da ajiya kowace Asabar zai kai, sai ya ce: "Ai ba kowace Asabar kake bayarwa ba." Ban sami abin cewa ba, mahaifiyarsu kuma ta juya fuska gefe don kada in ga murmushinta.

Maganar yaron ta tuna mini da wani abu da na sani a karatu amma ban taɓa ɗauka zai zo har cikin ɗakina ba. Kowa ya ji labarin gwajin da Walter Mischel ya fara a Jami'ar Stanford ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960, inda ake ajiye wa yaro alewa guda a ce idan ya jira bai ci ba za a ƙara masa wata, aka kuma yayata cewa waɗanda suka jira sun fi samun nasara da suka girma. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. A wani bincike da Celeste Kidd da abokan aikinta na Jami'ar Rochester suka wallafa a 2013, kafin a kawo alewar sai a yi wa yara alkawarin kawo musu kayan zane masu kyau. Rabinsu a cika musu, rabi kuma a dawo a ce a yi haƙuri babu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3 kacal. Sannan a 2018 Tyler Watts da Greg Duncan da Haonan Quan suka bibiyi yara fiye da 900, suka tarar cewa idan aka yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito, alaƙar da ke tsakanin jiran alewa da nasarar gaba tana raguwa matuƙa. Wato yaron da ya cinye nasa nan take ba lalle ne ya zama marar haƙuri ba. Wataƙila lissafi ya yi, ya ga cewa abin da ke hannu ya fi alkawarin wanda ba ya cikawa.

Ɗana lissafin nan ya yi, kuma ni na ba shi alƙaluman. Ban tilasta masa ba, na bar shi da tsabarsa, na kuma ba su haƙuri su biyun a fili ba tare da na kawo uzurin aiki ko gajiya ba.

2 ga Maris

Na canjo tsabar da za ta isa wata biyu na kulle a aljihun tebur, na kuma manna takarda a bango mai layin Asabar-Asabar, inda yaro zai sa alama da hannunsa bayan ya karɓa. Makon jiya ƙaramin ya sake ƙin ajiya, yau kuwa da kansa ya jefa biyu a kwalbar ba tare da na ce uffan ba, ta koma goma.

Babbar ta zaɓi abin da take tarawa domin sa: wani akwatin kayan zane da zai ci tsaba ɗari. Tana da talatin da shida, saura sittin da huɗu. Na bar ta ta yi rabon da kanta a takarda, ta fito da mako goma sha shida, ta yi shiru tana kallon lambar. Ta zana gidaje goma sha shida a kwali don ta riƙa shafe ɗaya kowane mako.

23 ga Maris

Yau darasin kanti ne. Na ba ƙaramin takarda ɗaya daga aljihuna ya biya kuɗin wani ɗan littafin rubutu da hannunsa, mai kanti ya miƙo masa littafin da canjin tsaba uku. Muna fita ya ja rigata yana murna: "Baba, mutumin nan yana da kirki, na ba shi ɗaya ya ba ni uku, kuma ya ba ni littafi!" Ya ba da shawarar mu koma mu sake saya don mu ƙara samun kuɗi. Masana biyu 'yan Italiya, Anna Emilia Berti da Anna Silvia Bombi, sun daɗe da bayyana wannan mataki: ƙananan yara suna ɗaukar miƙa kuɗi da karɓar canji a matsayin wata al'adar saye da sayarwa da ake yi kawai, ba su haɗa ta da farashin kaya ba. Da muka dawo gida muka buɗe kantin wasa a tsakar ɗaki, shi ne mai kanti, ni mai saye, muka yi ta yi da tsaba zalla har ya fara gane cewa abin da ake mayarwa ragowar kuɗin mai saye ne. Ya gane a lokacin. Ko zai kwana da shi, wannan sai an gani.

Da babbar kuma wata tambaya na yi mata: mai kanti nawa yake sayen littafin daga inda yake sarowa? Ta ce daidai yadda yake sayar mana, domin idan ya ƙara ai ya yi cuta. Na tambaye ta to da me yake biyan hayar kanti da ma'aikacinsa, ta yi tunani ta ce wataƙila yana da wani aikin daban. Ban yi mamaki ba. Gustav Jahoda ya gano cewa yaran Sikotland ba sa kama ma'anar riba sosai sai wajen shekara goma sha ɗaya, amma da ya yi irin wannan bincike a Zimbabuwe, wanda aka wallafa a 1983, sai ya tarar yaran can sun riga su ganewa, musamman waɗanda suke taya iyayensu saye da sayarwa. Shekaru suna da nasu rabo, amma sa hannu a cikin harka yana gajarta hanya. Na rubuta a gefe cewa nan gaba sai na nemo mata wata 'yar sana'a ta gwaji.

13 ga Afrilu

Wannan shi ne mako mafi wuya tun da muka fara, kuma wuyar a kaina ta fi yawa. Asabar da ta wuce kwalbar ajiyar ƙaramin ta kai ashirin, saura goma ya sayi ƙwallonsa. Muna wucewa sai ya ga wata motar wasa ta roba mai launi mai ɗaukar ido, kuɗinta ashirin cif. Na ɗauke ta na duba: robar siririya ce, ƙafafun a kan wani ɗan tsinken waya suke, ko makaho ya shafa ya san ba za ta yi kwana bakwai ba. Na gaya masa gaskiya sau ɗaya, na ce motar ba ta da ƙwari, kuma idan ya saya zai koma farko a tarin ƙwallo. Ya ce ya ji, ita yake so. Mun dawo gida ya juye kwalbar, muka koma ya ƙirga wa mai kanti ɗaya bayan ɗaya har ashirin, harshensa a waje saboda tsananin natsuwa.

Rana ta uku ƙafar gaba ta fita, ta huɗu rufin ya tsage. Ya kawo mini gutsattsarin a cikin tafukansa biyu, ya ce in gyara. Na gwada da gam, bai kama ba. Sai ya ce to a mayar wa mai kanti a karɓo kuɗinsa. Da na ce ba a mayar da abin da aka riga aka yi wasa da shi ya karye, sai ya je ya ɗauko kwalbar ajiyar, ya ɗaga ta sama yana leƙen gindinta, ya zauna a ƙasa ya yi kuka mai cin rai, irin wanda ba na rigima ba.

A wannan lokacin tsaba ashirin suna cikin aljihun teburina, taku uku daga inda yake zaune, kuma zuciyata ta yi ta raya mini cewa in zuba masa su a wuce wurin. Ban yi ba. Haka kuma na danne wata maganar da ta zo har bakina, wato "ai na gaya maka", domin na san idan na faɗe ta zai manta da motar ya koma jin haushina, darasin ya tashi daga kan kuɗi ya koma kan wanda ya yi gaskiya. Na zauna kusa da shi na ce na san abin da ciwo. Da ya yi shiru na tambaye shi abin da zai duba idan zai sake sayen mota, ya ce ƙafafu. Yau da ya karɓi biyar ɗinsa ya saka biyu a ajiya, ya ce na ƙwallo ne.

Yayarsa, wadda ta kalli abin daga farko har ƙarshe, ta zo mini da takarda da nata lissafi. Tana da hamsin da shida a makon jiya, saura arba'in da huɗu. Idan ta ci gaba da huɗu-huɗu mako goma sha ɗaya ne, idan ta koma biyar-biyar mako tara. Ta nemi izinin ta rage na kashewa zuwa huɗu, na ce kuɗinta ne.

4 ga Mayu

Bashi ya shigo gidan ba tare da na gayyace shi ba. Ashe makon jiya ƙaramin ya ranci tsaba shida a wajen yayarsa daga kwalbarta ta kashewa, yau ta zo karɓa ya ce bai tuna ba, daga baya ya ce uku ne. Na zaunar da su, na saurari kowa, daga ƙarshe ya amsa shida. Muka tsara biya bibbiyu na mako uku, wanda yake nufin kwalbarsa ta kashewa za ta zauna wayam har 18 ga wata. Ya ce: "Yaya, ki yafe mini mana." Ta ce za ta yafe masa gardamar da ya yi, amma ban da kuɗin. Na kafa doka cewa duk rance tsakaninsu sai an rubuta a littafi a gaban babba, mai karɓa ya dangwala yatsa da tawada, abin da ya burge shi har ya so ya sake rance don ya sake dangwalawa.

25 ga Mayu

Kakarsu ta zo ta ba kowannensu takarda mai darajar tsaba ashirin, ta kuma gargaɗe ni da cewa kada in sa musu ido da kwalabena, ta ba su ne su ji daɗi. Ban yi musu da ita ba.

Abin da ya faru ya saɓa wa duk abin da na zata. Babbar, wadda take ƙirga ajiyarta sau biyu a mako, tana da casa'in da ɗaya yau, kuma da ta jefa takardar a ciki da yau ɗin nan akwatin zanen ya shigo hannunta. Amma ta kashe ta kaf a yammaci ɗaya kan ƙananan tarkace da ba za ta taɓa taɓa kwalbarta dominsu ba. Da na tambaye ta, ba da faɗa ba, ta ce: "Ai wannan kuɗin Kaka ne, ba na ajiya ba ne." Richard Thaler, wanda ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, ya yi suna ne a kan irin wannan hali, yadda mutum yake raba kuɗi gida-gida a cikin kansa gwargwadon inda suka fito, har kuɗin da ya faɗo daga sama ya fi saurin tafiya a kan na gumi, alhali darajarsu ɗaya. Ban ga ta inda zan tsawata mata ba, tunda ni ma haka nake yi da duk kuɗin da ban sa rai da shi ba. Kuma idan aka bi diddigi, kwalabe ukun da na kafa su ma wannan rabon ne, sai dai ni na juya shi ta inda zai amfane mu.

Ƙaramin kuwa ya kawo takardarsa ya tambaya ko tsaba nawa ce. Na ce ashirin. Ya ƙirga goma sha huɗun da ke kwalbarsa, na taya shi haɗawa, ya ga sun wuce talatin, ya sa takalmi ya tsaya a bakin ƙofa. Ya sayi ƙwallon, bayan ya matsa ta ya duba ɗinkinta, ya dawo da ragowar huɗu. Na so a ce da jiransa ya kai ga ƙwallon, amma da na sake lissafi sai na ga tarin nasa sai 20 ga Yuli zai cika, Asabar goma sha biyar ke nan idan aka haɗa da ranar da ya sake farawa, kuma wannan tazara ta yi wa ɗan shekara biyar yawa tun asali. Kuskuren tsarina ne. Burinsa na gaba ba zai wuce mako huɗu ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yaron da ya yi kuka a Janairu saboda an ba shi takarda, yau shi ne yake tambayar nawa ke cikinta.

8 ga Yuni

Ajiyar babbar ta kai ɗari da ɗaya. Ta shafe gida na goma sha huɗu a kwalinta, ta ja layi a kan biyun da suka rage. Mun je kanti da kuɗin a cikin jaka mai nauyi, ta ɗauki akwatin ta rungume, sai kuma ta tsaya ta buɗe wani ƙarami da ke gefensa tana gwada launukan da na babban. Ta ɗauki kusan minti goma. Ƙaramin akwatin tsaba saba'in ne, kuma bambancinsu wasu launuka ne da ta ce za ta iya haɗawa da kanta. Shi ta saya, ta dawo gida da talatin da ɗaya. Da ni zan biya, na tabbata ko kallon ƙaramin akwatin ba za ta yi ba.

6 ga Yuli

Matsalar da na fara da ita tana nan ba ta warware ba. Yaran sun iya tsaba, amma ni kusan duk sayayyata da kati ko waya nake yi, kuma a idon ƙaramin wannan ba biya ba ne, taɓa na'ura ne kawai a ɗauki kaya. Manya ma ba su tsira ba: Drazen Prelec da Duncan Simester na jami'ar MIT ta Amurka sun nuna a 2001 cewa a wani gwanjon tikitin wasa, waɗanda aka ce da kati za su biya sun taya kusan ninki biyu na waɗanda aka ce su kawo kuɗi hannu. Abin da na fara yi shi ne, kafin mu shiga kanti in nuna musu lambar da ke asusuna a waya, babbar ta rubuta, bayan mun fito mu sake dubawa ta cire, ta gwada da rasit. Karon farko da lambobin suka dace ta yi tsalle. Ƙaramin ya fahimci abu ɗaya tak, cewa lambar tana raguwa, kuma ya tambaya me zai faru idan ta kai sifili. Na ce na'urar bango za ta ƙi ba ni komai. Ya daɗe yana kallona.

Na so in haɗa musu da bayanin banki da bashi mai ruwa da hauhawar farashi a wannan watan, sai na fasa. Wani nazari da Daniel Fernandes da John Lynch da Richard Netemeyer suka yi a 2014, wanda ya tattara bincike kusan 200, ya nuna cewa tasirin darussan kuɗi a kan halayyar mutane ƙanƙane ne kuma yana dusashewa da tafiyar lokaci, shi ya sa suka ba da shawarar a riƙa koyar da abu dab da lokacin da za a yi amfani da shi. Kundin nan ma shaida ne, domin babu wani bayanina da ya zauna a kansu sai wanda ya zo a daidai lokacin da kuɗinsu yake cikin ciniki.

27 ga Yuli

Tun 17 ga Fabrairu ban tsallake Asabar ko ɗaya ba, takardar bango ta cika har na manna ta biyu. Kwalbar bayarwa ce muka yi sakaci da ita. Tsaba suna ta taruwa ba a taɓa su ba, kuma da na tambayi ƙaramin amfaninta sai ya ce ta ado ce. Na ce kowannensu ya yi tunanin wanda yake so ya taimaka wa kafin mako mai zuwa, kuma da hannunsa zai miƙa.

Babbar ta kawo shawarar sana'ar da na yi alkawari tun Maris: za ta zana katunan gaisuwa da kayan zanenta ta sayar wa 'yan uwa. Jarinta daga ajiyarta zai fito, za ta sayi kwali goma, kuma na ce ta rubuta abin da kowane kati ya ci mata kafin ta yanka masa farashi. A lissafinta na farko ta sa kuɗin kwali kawai, ta manta da launi da gam, kuma farashin da ta sa daidai yake da abin da ta kashe, ba ƙari ko tsaba ɗaya. Ban gyara mata ba. Asabar mai zuwa za ta fara sayarwa, kuma mun yi da ita cewa bayan kati na goma za mu zauna mu ƙirga abin da ya dawo cikin kwalbar.